Bargon Babanmu

Yau zan ɗan ajiye labarin masoya a gefe guda, in ba ku wani labari da ya faru a cikin gidana, wanda ni ce tauraruwarsa, kuma ni ce mai laifin cikinsa. Labarin bargo ne. Na san wani zai yi dariya ya ce, to me ke cikin bargo har da za a ɓata takarda a kansa? Ni ma da haka na ɗauka, har sai daren da na ga bargo ya narke ya manne a ƙafar mahaifiyata.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, fataucin dankalin Turawa ya yi kusan duk tsawon rayuwarsa. Yakan je ƙauyukan Mangu da Bokkos a Jihar Filato ya saro buhuna, ya biyo babbar mota har kasuwar 'Yankaba a nan Kano. Duk wanda ya taɓa kwana a Jos ya san sanyinta ba na wasa ba ne, domin garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, in dare ya raba sai ka ji sanyin yana shiga har cikin ɓargonka. To in mota ta lalace a hanya, ko kuwa dare ya yi musu wajen lodi, a saman buhuna Baba yake kwana, ba rufi ba katanga, daga shi sai sararin Allah. Abokin tafiyarsa a duk shekarun nan wani bargo ne mai ruwan toka, mai kauri da kaushi, ba fure ba ado, sai baƙaƙen layuka guda biyu a bakinsa. A gwanjo ya saye shi tun kafin a haife ni. Muna yara ba mai son sa a cikinmu, saboda in ya taɓa fatarka sai ka yi ta susa, in kuma ruwa ya taɓa shi sai ya riƙa wani wari irin na tunkiyar da ruwan sama ya doka. Bargon soja muke ce masa.

Inna kuwa ba ta haɗa shi da komai. Shekarar da ta sauke farali, aikin Hajji ya faɗo a watan Janairun 2006, tsakiyar sanyi ke nan, sai Baba ya naɗe bargon da hannunsa ya cusa mata a jaka. Har yau tana ba da labarin daren Muzdalifa, yadda suka kwana a fili a kan tsakuwa, su uku suka ƙudundune a cikinsa da wasu mata biyu da ko yarensu ba ta ji. Da Baba ya rasu a 2012 aka zo rabon kaya, ba ta nemi komai daga cikin tufafinsa ba sai wannan bargon. Da shi ta dawo gidana da zama, kuma kullum yana ninke a ƙarshen gadonta.

A watan Disambar 2018 ne Allah Ya kawo mini 'yan kuɗi daga wani littafi nawa da ya samu karɓuwa. Cikin satin nan wasu ƙawayena suka zo gaishe da Inna, muna fitowa daga ɗakinta sai ɗaya ta ja ni gefe tana dariya ta ce, "Haba ke kuwa, marubuciya guda, ki bar tsohuwa tana rufa da buhun gawayi?" Wasa ta yi, amma maganar ta tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi. Washegari tun da hantsi na shiga kasuwa.

Mai shagon da na shiga ya san sana'arsa. Ya sauko da wata ƙatuwar jaka mai zif, ya warware mini wani bargo ja mai manyan furanni, mai sheƙi da santsi kamar bayan kyanwa. Ya ce, "Hajiya taɓa ki ji. Wannan zallar ulu ne, ninki biyu, kilo 5 cif. Wanda ya shiga cikinsa sai an tashe shi sallar asuba." Na taɓa na ji laushi, na ɗaga na ji nauyi, shi ke nan na gamsu. Ban nemi 'yar takardar da ake ɗinkawa a gefe ba, balle in karanta abin da aka rubuta a jikinta. Na ƙirga naira 15,000 na ba shi ina jin daɗi, wai ni na fita kunyar uwa.

Da na kai mata, Inna ta shafa shi ta sa mini albarka. Da yake ni ce 'yar fari ba ta faɗin sunana, sai ta ce, "'Yar nan, an gode, Allah Ya ba ki masu yi miki. Amma dai ki bar mini na Malam a nan kusa." Na ce to. Sai dai ban cika alkawari ba. Ranar da ta tafi wani suna a unguwarmu ta da, ƙanena da yake noman rani a Kura ya zo gari sayen taki, na ɗauko bargon soja na miƙa masa na ce ya je ya riƙa rufe injin ban ruwa da shi. Inna ta dawo ta duba ƙarshen gado ba ta gan shi ba, ta dube ni, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun nata har gobe ina jin sa.

Mai karatu, ka san yadda hunturun Kano yake a watan Janairu. Hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, da dare ma'aunin zafi yakan sauko har kusa da digiri 10. Inna tana fama da ciwon gwiwa, don haka al'adarta ce bayan sallar isha'i a kai mata kaskon garwashi ta ɗan gasa ƙafafunta tana lazimi, in za ta kwanta a fitar da shi tsakar gida. A daren da nake ba ku labari, barci ya sace ta a zaune da carbi a hannu, gefen sabon bargon ya zame ya sauka a bakin kasko.

Ihun 'yata da ke kwana a ɗakin ne ya tashe mu. Muka tarar da baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ga wani wari irin na ledar da aka jefa a murhu. Abin da idona ya gani ba zan manta da shi ba. Bargon yana ci da wuta yana tattarewa, yana ɗiga kamar kyandir, wani ɓangare ya riga ya narke ya manne mata a idon sawu. Maigidana ya fizge sauran ya jefa waje, muka yi ta kwara mata ruwa, muka nufi asibiti cikin daren nan. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta ce mun yi daidai da muka sa ruwa, ta ce ƙuna ruwan sanyi mai gudana take so na kamar minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai ko makilin ko manja da mutane suke shafawa, kuma duk abin da ya manne a fata kada a ɓanɓare shi a gida. Ga Inna da ciwon suga, rauni ba ya saurin warkewa a jikinta. Sati shida muka yi muna zaryar wankin ciwo, kullum gabana yana faɗuwa kada a ce ƙafar ta ruɓe. Allah Ya taƙaita, ta warke, sai tabo.

Cikin masu zuwa dubiya akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana aiki a masaƙa a Kaduna kafin a rufe ta. Ya ce a kawo masa ragowar bargon ya gani. Ya murza shi a yatsa, ya girgiza kai ya ce, "'Yata, wa ya ce miki wannan ulu ne? Ko silin gashin tunkiya ɗaya babu a cikinsa. Roba ce aka kaɗa ta zama zare." Ya juya gefen da bai ƙone ba, sai ga 'yar takardar nan a ɗinke, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kashi 100 cikin 100 foliyesta ne. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ni da nake rubuta littafi mai shafi 200, na kasa karanta layi ɗaya.

Baba ya aika aka kawo ashana da faranti, ya ce in samo masa zare iri-iri. Na tsinko daga wata tsohuwar hular sanyi ta ulu, da gefen zanen atamfa, da wata rigar sanyin yara, da kuma shi jan bargon. Ya riƙa kunna musu wuta ɗaya bayan ɗaya muna kallo. Zaren atamfa, da yake auduga ne, ya kama nan take ya ci kamar takarda, ya bar toka mai laushi. Na jan bargon ya riƙa gudun wutar yana tattarewa, ya narke ya dunƙule ya zama wani ƙwallo mai tauri da ko an matsa ba ya fashewa. Na rigar yaran, wanda ya ce sunansa akirilik, shi ya fi ba ni tsoro, domin ya kama da sauri yana baƙin hayaƙi yana ɗiga. Da ya zo kan na hular sai ya ce in matso in shinshina. Ƙaurin babbaka na ji, sak irin na kan rago ranar Babbar Sallah. Zaren ya ɗan nannaɗe, da ya janye ashanar sai wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage wani baƙin dunƙule ne da ya murza ya zama gari.

Ya ce, "Kin ga bambancin ke nan. Ulu gashi ne, kamar na kanki. Ba ya narkewa, kuma wuta ba ta son zama a jikinsa." Ya yi mini bayani cewa ulu ba ya kamawa sai zafi ya kai wajen digiri 570 zuwa 600, alhali foliyesta tun a wajen digiri 250 zuwa 260 yake narkewa, garwashi kuwa ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Ya ƙara da cewa iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne nata oksijin, shi kuwa ulu yana bukatar wajen kashi 25 kafin ya ci gaba da ci, shi ya sa yake mutuwa da kansa. Da bargon soja ne ya faɗa kaskon nan, mai yiwuwa da ƙauri ne zai tashe ta, a samu huji a jikinsa, magana ta ƙare. Ban iya ce masa komai ba, sai hawaye.

Daga ranar na shiga bin diddigin abin, kamar yadda nake yi in zan rubuta labarin da ban san duniyarsa ba. Na gane cewa foliyesta da akirilik duk daga sinadaran ɗanyen man fetur ake yin su. Wasu masana biyu a Ingila ne suka fito da zaren foliyesta a 1941, akirilik kuma ya shiga kasuwa a Amurka wajen 1950, kuma tun asali an yi shi ne don ya kwaikwayi ulu a ido da a hannu. Ashe ba ni kaɗai ya ruɗa ba. Yawancin manyan bargunan nan masu hoton damisa ko fure da suka cika kasuwanninmu, da waɗanda alhazai suke kawowa tsaraba, da waɗanda muke jerawa a gadon amarya, daga waɗannan zaruruwa biyu aka yi su.

Na kuma gane dalilin da ya sa ulu na gaske yake da tsada a wurinmu. Tumakinmu na gida, 'yankasa da uda da balami, gashinsu gajere ne mai tauri, ba ya kaɗuwa. Tumakin da ake yi wa aski don ulu daban suke, mafi shahara a cikinsu ita ce marino, wadda asalinta daga Sifen ne, yanzu kuma Ostareliya ce kan gaba wajen fitar da lallausan ulunta. A nan yankinmu sai ka je Mali, wajen Masina a bakin kogin Kwara, za ka tarar da tumaki masu ulu, kuma masaƙan Fulani na can sun daɗe suna saƙa barguna da shi don makiyaya masu kwana a daji. Irin waɗannan barguna na yamma su ne tsofaffinmu suke kira sakala. Namu na gida kuwa, gwado da luru, saƙar auduga ce. Da na faɗa wa Inna haka sai ta ce kakanta yana da sakala guda, ba a fito da ita sai in babban baƙo ya sauka.

To, sai na kira ƙanena na ce ya dawo da bargon soja. Mai karatu, ka ji inda rigima ta tashi. Ya ce, "Yaya, don Allah ki bar mini shi zuwa ƙarshen sanyi. Wallahi ban taɓa rufe inji da shi ba, ni nake rufa." Su masu noman rani a Kura da Kadawa, da ruwan madatsar Tiga suke aiki, kuma lokacin tumatir da alkama shi ne tsakiyar hunturu. In an kai inji gona dole a kwana gadinsa, a bukkar kara ko a fili, a hura wuta a kwanta kusa da ita. Ya ce kafin in ba shi wannan, wani bargon kanti yake rufa da shi, farkon dare sai ya haɗa gumi a ciki, can wajen asuba danshin fadama ya sauko, gumin ya huce, sai ya farka yana rawar ɗari kamar an jiƙa shi. Ga hujojin tartsatsi sun cika jikinsa. Amma bargon Baba, ko da safe ya taɓa bayansa ya ji danshi, cikinsa da ɗumi yake.

Wannan ma na samu dalilinsa. Silin ulu a lanƙwashe yake, yana tara iska a tsakaninsa, iskar nan ce take riƙe ɗumin jiki. Sannan yana iya shanye danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ka ji shi a jiƙe ba. Zaren roba kuwa kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, don haka gumin yana nan kwance tsakaninka da shi. Wannan rashin danshin ne kuma yake sa in ka ja bargon roba cikin duhu a lokacin hunturu ka ga tartsatsi yana ƙyas-ƙyas, har ƙaramin ɗana ya taɓa rantsewa aljanu ne a gadonsa.

Duk da roƙon da ya yi, na matsa sai da ya kawo shi. Ya iso duk ƙura da ƙaurin hayaƙi da taɓon gona. Na ce ba zan mayar wa Inna da shi a haka ba, sai na wanke shi fes ya zama kamar neman gafara. Na dafa ruwa ya tafasa, na zuba garin sabulu mai yawa, na jiƙa shi, na sa yarinya ta tattaka shi da ƙafa, muka cuɗa, muka murɗe shi mu biyu, muka shanya a igiya cikin rana. Da yamma na je ɗaukowa sai na tsaya turus. Bargon da yake rufe mutum uku a Muzdalifa ya tsuke ya koma kamar babbar darduma, ya yi tauri kamar kilishi. Na ja, na miƙar, ko gezau.

Na ruga wurin Baba maƙwabci. Ya dube shi ya ce, "Innalillahi. Ruwan zafi kika sa ko?" Ya ce kowane silin ulu yana da 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa kamar na kifi, waɗanda ido ba ya gani. In zafi da sabulu da cuɗa suka haɗu, sai ɓawon nan su sarƙe da juna, kuma in sun sarƙe ba mai raba su har abada. Ulu ruwan sanyi yake so da sabulu mara ƙarfi, a tsoma a ɗan danna a hankali, kada a murɗe, a shimfiɗa shi a kwance a inuwa ya bushe. Mafi yawan lokuta ma kakkaɓewa da shan iska sun ishe shi, domin ba ya riƙe wari kamar roba. Shekara fiye da 40 bargon nan ya yi yana jure sanyin Filato da ƙurar hanya, ni kuma na gama da shi a yini ɗaya. Da-na-sani ƙeya ce.

Na kai wa Inna shi ina kuka, na faɗa mata duk abin da na yi tun daga farko. Ta karɓa ta daɗe tana shafa baƙaƙen layukan nan biyu, sannan ta ce, "'Yar nan, ai ko mai shi ma ya tafi. Share hawayenki. Ya isa rufe gwiwa." Har yau a kan gwiwarta yake kwana.

Wannan wankin ne ya hana ni zama irin masu cewa ulu ya fi komai a ko'ina. Yana da nasa aibin. Yana da tsada, yana da wuyar wanki, in ya jiƙe sharkaf nauyinsa ya ishi jaki kuma yakan kwana biyu bai bushe ba. Mai kaurin sili yana ƙaiƙayi, sai an sa zanen gado a tsakani. Ga asu, wanda ba ruwansa da roba amma in ya samu ulu a ajiye da datti sai ya mayar da shi rariya. Dole in sanyi ya wuce a kakkaɓe shi, a tabbatar ya bushe, a ɗaure a jaka da kafur, kafur ɗin kuma a nisanta shi da yara da kayan jarirai domin guba ne. Uwar da take da 'ya'ya huɗu, biyu suna fitsarin kwance, in ka ce ta saya musu zallar ulu ai ka haɗa ta da aiki. Ita bargon roba mara nauyi ne daidai da ita, ta wanke da safe ya bushe kafin la'asar.

Tsakanin waɗannan biyun ne gauraye yake. Masaƙu sukan haɗa ulu da zaren roba, ka ga an rubuta kashi 80 da 20, ko 70 da 30, ko rabi da rabi. Ɗan zaren robar yana ƙara masa ƙwari, yana rage tsukewa, yana kuma sauke kuɗinsa. Abin lura shi ne, gwargwadon yadda ulu yake raguwa, haka amfaninsa yake raguwa. Mai kashi 80 ko 70 yana nan kusa da na asali wajen ɗumi da shan danshi. In ya sauko ƙasa da rabi, to bargon roba ne da aka ɗanɗana masa ulu don a samu abin faɗa a kasuwa, kuma in wuta ta taɓa shi robar cikinsa za ta narke. Akwai wani tambari mai suna Woolmark da aka fito da shi tun 1964, zanensa kamar curin zare mai kusurwa uku, ana sa shi a kan kayan da suke zallar sabon ulu. In ka gan shi alama ce mai kyau, amma da yake a kasuwarmu ba abin da ba a bugawa, ni dai ashana ta fi tambari gaskiya a wurina.

Da sanyin shekarar da ta biyo baya ya ƙarato, sai na nufi 'yan gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai da kwalin ashana a jakata. Duk bargon da ya kwanta mini, sai in nemi izinin mai shi in tsinki zare biyu a gefe, ɗaya na tsaye ɗaya na kwance, domin Baba ya gargaɗe ni cewa wani lokaci zaren kwance ulu ne, na tsaye kuma auduga ko roba. In koma gefe nesa da kaya in kunna. Wani yaro mai shago ya yi ta dariya yana cewa, "Hajiya, yau kuma bokanci aka koma?" Amma wani dattijo a cikinsu da ya ga abin da nake yi, sai ya shiga ciki ya fito da guda biyu daga ƙasan dila ya ce, "Ga abin da kike nema. Ba a cika tambayarsu ba, mutane sun fi son mai fure." Ɗaya zallar ulu ne, ruwan ƙasa, mai kaushi, da ɗan faci a kusurwa. Ɗayan kashi 80 ne, ya fi laushi da sauƙin ɗauka. Na haɗa duka biyun.

Zallar na aika wa ƙanena Kura, domin shi ne mai kwana a fili kusa da wuta da danshi, kuma bashi ne a kaina. Haka zan ba duk mai irin kwanansa shawara, ko makiyayi ne, ko direban doguwar hanya, ko maigadi, ko mai zuwa farauta, ko ɗalibin da za su fita zango a daji: ya nemi zalla, in bai samu ba kada ya sauko ƙasa da kashi 70. Mai kashi 80 ɗin na shimfiɗa wa Inna a kan zanen gado mai laushi. Yara kuwa na bar su da nasu na roba masu hoton damisa, amma da sharaɗi mai ƙarfi, ba kasko, ba kyandir, ba maganin sauro na kunnawa a ɗakinsu. Ɗakin baƙi ma na roba ne a ciki, tunda ado ake so kuma ba a hura wuta a can.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce tunda ya sayi ulu sai ya kwana da garwashi a ɗaka. Ulu yana jinkirta wuta ne kawai, zanen gado da katifar soso da labule duk suna nan suna jira. Ban da haka, gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, wadda take kashe mutane cikin barci in ɗaki a rufe yake, kuma ba bargon da yake maganinta. A gidana yanzu ni da kaina nake kai wa Inna kasko, taga a buɗe, in zauna muna hira har ta gama gasa ƙafarta, in fitar da shi da hannuna. Cikin wannan zaman ne ma na ji labaran Baba da ban taɓa ji ba, har da yadda ya yi cinikin bargon soja kwana biyu kafin mai shi ya sallama.

'Yan uwa mata, musamman masu haɗa kayan ɗakin 'ya'ya da masu kula da tsofaffi, don Allah in kun shiga kasuwa kada laushi da nauyi su ruɗe ku kamar yadda suka ruɗe ni. Ku tambayi kanku, a ina za a kwana da bargon nan, akwai wuta a kusa, kuma wa zai riƙa wanke shi? Sannan ku juya gefe ku karanta 'yar takardar, in kun yi shakka ku tsinki zare ku gwada. In kuma tsohuwa ta ce a bar mata abinta, to a bar mata.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa waɗanda suke raye lafiya, Ya tsare mu daga gobarar hunturu. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu in Allah Ya kai mu. Wassalam.